Shuɗin Zane a Bakin Tsohuwar Rijiya

Yamai, 6 ga Oktoba

Zuwa ga yayana Ɗantani, Tungar Maidawa, ƙasar Filinge.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya. Yaya Inna da ciwon gwiwa? Ina gaida Gwaggo Tambara, gaisuwa ta musamman, da matarka Mas'uda da yara. Na ji an ce hatsi ya yi kyau bana a Kurfai, Allah ya sa a kai shi rumbu lafiya. Tunda rezo na waya ya ɗauke muku, salula ta zama abin wasan yara, ga ni na koma takarda kamar zamanin Baba. Albarka direba zan riƙa ba, shi ya miƙa wa 'yan tungarmu ranar kasuwar Baleyara.

Ka san ciwon nan nawa na maƙogwaro, wanda ke shaƙe ni in na leƙa ruwa mai zurfi, ko da randa ce. Bana ya yi tsanani, har ya kama ni a gaban 'yan lakwal ɗin da nake koyarwa, alli a hannu, murya ta ƙi fita. An yi hoto, an ɗauki jini, ba a ga komai ba. Daga ƙarshe aka tura ni wurin wata Madam Anisa. Ita ba ta allura, ba ta rubuta ƙwaya, magana ce aikinta. Abin da take yi mini ana ce masa ipnoz.

Na san ka sarai, dariya za ka yi ka ce ƙanwarka ta je birni ta shiga bori. To ba haka ba ne. Kan kujera take zaunar da ni, ta ce in kafa ido kan wani ɗigo a bango, in riƙa jan numfashi a hankali. Ita kuma tana magana ƙasa-ƙasa, tana ƙirge daga goma zuwa ɗaya. Sai jiki ya yi nauyi ya saki. Amma ba barci ba ne. Ina jin babura a titi, ina jin ƙarar fanka, in na ga damar tashi ba mai riƙe ni. Ka tuna yadda Inna take in tana kaɗi, ka kira ta sau uku ba ta waiwaya ba, alhali idonta biyu? Kusan haka abin yake. A cikin wannan halin take koya mini in saki maƙogwaron da kaina. Tun daga zuwa na huɗu nake ɗiban ruwa a randa ban rufe ido ba.

A zuwa na biyar ne wani abu ya faru. Ta ce in koma inda tsoron ya fara, in tsaya daga nesa in duba. Yaya, sai ga ni a bakin tsohuwar rijiya, ranar da ƙanwarmu Muna ta faɗa. Shekara talatin ke nan, ina da biyar tana da uku, kuma ban taɓa iya tuna komai na ranar ba sai kururuwar Inna. Amma ran nan na ga rana tsaka, na ga guga a yashe, na ga Muna da 'yar ƙwaryarta. Na kuma ga mace tsaye a bayanta da shuɗin zane, hannunta kan bayan yarinyar. Da ta juyo, Gwaggo Tambara ce.

Madam Anisa ta ce kada in ɗauki wannan kamar abin da ya faru da gaske, wai abin da mutum ya gani a wannan halin ba shaida ba ne. Na yarda da ita, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Kai kana da sha biyu a lokacin. Don Allah ka gaya mini, Gwaggo tana gari ranar?

Wannan maganar ta Gwaggo tsakanina da kai ce. Kada ka karanta wa kowa ita, balle Inna.

Ƙanwarka,
Asabe


Tungar Maidawa, 19 ga Oktoba

Asabe,

Muna lafiya, gwiwar Inna da sauƙi, an gama yankan hatsi. Gaisuwa ta ƙare nan, don raina a ɓace yake.

Ke da ake kira malamar lakwal, wa ya koya miki sa gargaɗi a gindin takarda? Kin manta yadda ake karanta wasiƙa a gidanmu? Takarda ta iso da hantsi, aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa. Ga Inna, ga Mas'uda, ga matan maƙwabta biyu da suka zo ɓarar wake. Ga Gwaggo Tambara da kanta, don na aika mata cewa ɗiyarta ta rubuto. Ni da na tsaya a aji shida, da yatsa nake bin kalma ɗaya-ɗaya, bakina na gaba hankalina na baya. Gwaggo har ta yi dariya inda kika ambaci kaɗin Inna, ta ce wallahi haka take. Ban san inda na nufa ba sai da na ji sunanta ya fita daga bakina.

Inna ta yi irin kururuwar da kika ce kina tunawa. Sauran takardar ba wanda ya ji, ko ni sai da la'asar na ga abin da kika sa a ƙasa. Gwaggo ta tashi, ta ɗauki takalminta a hannu ta fita.

Ga amsar tambayarki, da kin yi haƙuri kin yi ta ita kaɗai. Gwaggo ba ta gari. Kwana biyu kafin ranar ta tafi Damana gaisuwar mutuwar ƙanen mijinta. Ni na ɗaukar mata ƙullin kayanta har gindin gawo na bakin hanya, ta ba ni ƙuli-ƙuli. Sai bayan an binne Muna ta dawo. Da Baba na da rai da ya faɗa da baki ɗaya an wuce wurin.

Amma magana ta riga ta bar gida. Washegari Baba Magagi ya aiko kirana. Kin san shi ne zimanmu, duk wasan iskoki a hannunsa yake. Ya tambaye ni abu huɗu. Zaunar da ita aka yi? Na ce e. Akwai mai kira a hankali a gefenta? Na ce e. Jikinta ya mutu? Na ce haka ta rubuta. Ta ga abin da ke ɓoye? Sai ya gyaɗa kai ya ce, "To an hau ta. Goge ne kawai ba su da shi a can." Ya ce Doguwar tsohuwar rijiya ta yi shiru shekara talatin, da ta rasa bakin da za ta ara a nan sai ta bi jinin gida har Yamai.

Na ce masa magani ne na likita. Ya ce shi bai ce ba magani ba ne.

Ranar Litinin Ummul matar Zaidu ta fara naƙuda. Ba a kira Gwaggo ba. A amalanke aka ɗauke ta zuwa likita a Filinge, aka bi ta ƙofar Gwaggo, tana zaune tana kallo. Sama da shekara arba'in tana yanke cibi a tungar nan, har da nawa da naki, ban taɓa ganin an tsallake ta ba.

Ki rubuto da sauri, abin da zan iya karantawa gaban mutane.

Ɗantani


Yamai, 25 ga Oktoba

Yaya Ɗantani,

Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Ni kam tun da na karanta takardarka ban ci abincin kirki ba. Wayyo Gwaggo! Matar da ta goye ni shekara biyu lokacin da Inna ta kasa kallon kowane yaro bayan Muna. Laifina ne, ban ɗora maka ko kaɗan ba. Ka faɗi duk abin da ka ga dama, na cancanta.

Na koma wurin Madam Anisa ina kuka, na gaya mata duka. Ba ta yi mini faɗa ba, amma na ga ranta bai so ba. Ta ce ita ma ta yi kuskure da ta mayar da ni ranar, tunda sauƙi ya riga ya fara samuwa ba tare da haka ba. Ga abin da ta bayyana mini, ka karanta musu shi a hankali.

Abin da mutum ke tunawa ba ya zama a kai yadda hatsi ke zama a rumbu, ka zo ka tarar da shi yadda ka zuba. Duk lokacin da ka tuna abu, sake haɗa shi kake yi, inda ya ɓace kuma ka cike da abin da ke kusa. A cikin ipnoz mutum yana ganin abu tar kamar da rana, kuma yana jin tabbaci a ransa, ko abin ya faru ko bai faru ba. Shi ya sa ake amfani da shi don rage zafin ciwo, da tsoro, da rashin barci, amma ba a kama mutum da laifi da shi. Ni yarinya ce 'yar shekara biyar. Wace mace na sani tana dafa bayan yaro a bakin rijiya don kada ya faɗa? Gwaggo. Wace ce ba ta rabuwa da shuɗin zane? Gwaggo. Kaina ya nemi babban mutum a wurin da babu kowa, ya ɗauko wadda ya fi sani.

Ka kuma gaya wa Baba Magagi wannan, cikin ladabi. Shi ya fi kowa sanin cewa goɗiyar da iska ta hau ba ta sanin abin da aka faɗa da bakinta, sai an gaya mata bayan ta farfaɗo. Ni kuwa ina tune da komai, har da launin takalmin Madam Anisa da mai talla da ya wuce ƙarƙashin taga. Ba abin da ya hau ni. Ni ce, Asabe, na yi mafarki ido biyu.

Na haɗo da takardar da Madam Anisa ta rubuta da Faransanci, da sa hannunta. Mushe Ɗanjimma, malamin lakwal ɗinku, zai iya fassara wa Maigari. Ka je wurin Gwaggo ka durƙusa a madadina. Ka ce mata ɗiyarta ta yi wauta.

Asabe


Tungar Maidawa, 28 ga Nuwamba

Ƙanwata Asabe,

Ina fata kina lafiya, da maƙogwaron. Mu dai ga mu nan. Takardarki ta yi kusan wata a hanya. An hana motoci bin hanyarmu sati uku saboda abin da ya faru a daji, kin dai gane, ba sai na rubuta ba. Tana kwance a Baleyara cikin akwatin Albarka, magana kuwa tana nan tana girma.

Wannan karon sai da na ɓuya bayan rumbu na karanta sau uku kafin wani ya ji. Sannan na kai gaban Maigari. Liman yana nan, Baba Magagi yana nan, Mushe Ɗanjimma ya fassara ta likitar kalma da kalma. Na ɗauka shi ke nan. Asabe, ashe ramin baki biyu gare shi.

Baba Magagi ya saurara har ƙarshe. Ya ce in dai hawanki aka yi, to musunki ba ya da nauyi, don tun yaushe goɗiya ke gyara abin da mahayinta ya faɗa? Sai an sake kira, wadda ta yi magana ta janye da kanta. Na ce ai Asabe ta ce tana tune da komai, ba hawa ba ne. Sai Liman, wanda na ɗauka zai tsaya mini tunda shi ba ruwansa da iskoki, ya gyara zama ya ce, "To in da hankalinta ta gani, ai shaida ce ke nan. Tana wurin ranar, ko ba ta wurin?" Na ce tana wurin. Ya ce, "To."

Abin da ya fi ba ni tsoro ba su ba ne, mata ne. Farkon watan nan ba wanda ya tuna ganin Gwaggo a rijiya ranar. Yanzu mutum biyar sun tuna. Uwar Zaidu ta ce ta gan ta da tulu. Wata ta ce ta ga shuɗin zanen a shanye da yamma, jiƙe sharkaf. Ba ƙarya suke yi ba, Asabe, na duba idonsu. Inna kuma kullum in na kawo mata fura sai ta fara daga farko, rana tsaka, guga a yashe, 'yar ƙwarya, hannu a baya. Da kalmominki take faɗa, amma kamar ita ta gani. An fara ƙirga jariran da suka mutu a hannun Gwaggo cikin shekara arba'in. Na waɗanda suka rayu ba mai ƙirgawa.

Kalmar da ake faɗa a kanta ba zan rubuta ba. Yara sun daina bi ta ƙofarta. An hana ta taɓa guga a sabuwar rijiya, ni nake kai mata ruwa bido biyu kowace safiya a kan jaki, mutane na kallona. Na durƙusa na faɗa mata saƙonki. Ta ce, "Yarinya ce, ba ta da lafiya, a bar ta." Ta rame sosai.

Ga inda aka tsaya. Ni kaɗai ne na ce tana Damana. Mutanen da ta je wa gaisuwa sun mutu, 'ya'yansu ba su san komai ba. Maigari ya yanke cewa ranar Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci, zan dafa Alƙur'ani gaban jama'a in rantse cewa ba ta gari ranar. In na rantse, an rufe maganar har abada, duk wanda ya sake tayar da ita shi da Maigari. In ban rantse ba, za ta bar tungar. Har Baba Magagi ya yarda da haka.

Kada ki damu, rantsuwa kan gaskiya ba ta cin mutum. Jiya dai Mas'uda ta ba ni haushi. Wai Gwaggo ta je Damana ya fi sau goma muna yara, ta yaya na san rakiyar da nake tunawa ta wannan tafiyar ce? Na daka mata tsawa. Ai na sani.

Yayanki,
Ɗantani


Yamai, 3 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, Albarka na jira a bakin ƙofa. Na nemi izini a lakwal, sun ce sai hutun ƙarshen wata. Na je tasha sau biyu, ba motar da ke wuce Baleyara sai da rakiya, ba a san ranar ba. Da na zo na tsaya gabansu da kaina.

Ka saurare ni da kyau. Na karanta wa Madam Anisa takardarka, inda ka ce mata biyar sun tuna. Ta ce ba sai an zaunar da mutum a kujera ba. Labarin da ake maimaita wa mutum kullum, daga bakin wanda yake ƙauna, shi ma yana shiga ya zauna kamar nasa. Don Allah daga yau har Juma'a ka bar Mas'uda ta riƙa kai wa Inna fura. Ka tafi gona, ka tafi ko'ina, kada ka zauna inda ake faɗarsa. Abin da ka rubuto mini tun farko, kafin kowa ya fara tunawa, shi ne gaskiya. Takardar tana hannuna, ranar 19 ga Oktoba, ka rubuta ba ka yi shakka ba. Gindin gawo, ƙullin kaya, ƙuli-ƙuli.

Ka dafa ka rantse, Yaya. Ba ta da kowa sai kai.

Asabe


Tungar Maidawa, 10 ga Disamba

Asabe,

Lafiya dai ta jiki, akwai ta. Takardarki ta iso ranar Lahadi. Juma'a ta riga ta wuce.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba ko a sallah. Har daga tungayen gabas an zo. Aka shimfiɗa buzu a ƙofar Maigari, Liman ya ɗora Alƙur'ani a kai. Gwaggo tana zaune gefe ɗaya ita kaɗai, an bar fili tsakaninta da mata. Na yi alwala. Na fito da ƙarfina, wallahi, har ina jin haushin kowa.

Na durƙusa. Liman ya ce in faɗa bayansa, cewa na sani, sani na tabbas, Tambara ba ta cikin tungar nan ranar da Muna ta rasu. Na miƙa hannu. Na ce bari in kira ranar a raina don in faɗa da zuciya ɗaya. Na ga gawon, na ga ƙullin a kaina. Amma na kasa gane shekara nawa gare ni. Sai na nemi ranar rijiyar, in ga inda kowa yake tsaye. Ni da nake gona ranar, Asabe, ni da sai gudu na yi na tarar an riga an fito da ita. Na ga rana tsaka. Na ga guga a yashe. Na ga shuɗin zanen.

Hannuna ya tsaya a sama. Liman ya maimaita sau biyu. Na san ba ta yi ba, har yanzu na sani, amma cewa ya yi in rantse da abin da nake da tabbaci, ga shi kuma abu biyu nake gani, kowane tar. Tsoron Littafin ya kama ni. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Sai na ji Inna ta fara kuka a hankali. Na janye hannuna.

Gwaggo ce ta fara tashi. Ta zo har inda nake durƙushe, ta ce, "Ɗantani, kai ne fa ka raka ni. Har ka yi tuntuɓe ƙullin ya faɗi, na ce kada ka gaya wa babanka." Ban tuna tuntuɓen ba. Na kasa ɗaga kai in dube ta.

Da safiyar Asabar na ɗaura wa jaki bido biyu kamar kullum. Na tarar da ƙofarta a buɗe, ɗakin a share tas. Wuƙar yankan cibinta tana kan bakin randa, a naɗe cikin tsumma. Masu kiwo sun gan ta da hantsi a hanyar Damana, da ƙafa, ƙulli a ka. Kin san yadda hanyar nan take yanzu, maza ma ba sa binta su kaɗai. Na bi sawunta har inda yashi ya ƙare, daga nan ban ga komai ba. Na aika Damana ta hannun mutum biyu. Yau kwana huɗu, ba wanda ya ce ta iso.

Mutane sun yi shiru yanzu. Uwar Zaidu ta kawo wa Inna tuwo. Baba Magagi ya dafa kafaɗata a kasuwa ya ce na yi abin da ya kamata, na ji kamar in shiga ƙasa.

Gobe zan tafi Damana da kaina. In ba ki ji daga gare ni ba, hanya ce. Amma kafin nan ina da tambaya, ki kai wa likitar taki. Ta san yadda abu ke shiga kan mutum, ta bayyana mana shi dalla-dalla. To ki tambaye ta da me ake fitar da shi. Don ko yanzu da nake rubutu, in na rufe ido, Gwaggo tana tsaye bayan Muna, hannunta a bayan yarinyar, ni kuma na san tana Damana.

Ki yi mata addu'a. Ni ban san da wane baki zan yi ba.

Yayanki,
Ɗantani